Ƙamusun Oxford ko ɗan littafin jerin aikatau? Ga wadda "make" ta hana sakat

Ƙanwata da kika ce kalmar "make" tana rikita ki, kuma kuɗin littafi ɗaya kike da shi, ko ɗan littafin nan na jerin aikatau (wato "verbs") na Turanci ko ƙamusun Oxford na masu koyo, wato Oxford Advanced Learner's Dictionary: ki sayi ƙamus. Duka biyun na taɓa saye da gumina. Ɗaya yana kan teburina yanzu haka, ɗayan ko inda yara suka jefa shi ban sani ba.

Shekarata ta farko a koyarwa ce, ina gaban allo ina ji da kaina, na rubuta wa 'yan aji: "The story made me to cry." Yara suka kwafe tsaf. Ashe wani dattijon malami ya hango ta taga. Bai ce mini uffan a gabansu ba, Allah ya saka masa da alheri. Sai da aka fita tara ya kira ni ɗakin malamai, ya jawo wani tsohon ƙamus da bangonsa ya sha salatif, ya buɗe wajen "make", ya ɗora yatsa kan wani ɗan layi mai kaurin rubutu: "make sb do sth". Ya ce, "Malama, nuna mini 'to' a nan." Na duba sama, na duba ƙasa, babu. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Albashin da ya biyo baya da shi na sayi nawa, bugu na 8 wanda ya fito a 2010, kuma har yau shi nake jawowa in gardama ta tashi.

Wannan ɗan layin shi ne abin da za ki biya kuɗi dominsa. "Sb" gajartawar "somebody" ce, wato wani, "sth" kuma ta "something", wato wani abu. Layin yana gaya miki abin da ke biyo bayan aikatau da yadda ake jera shi: "make", sai mutum, sai aikin tsurarsa ba tare da "to" ba. "The story made me cry." "My mother made me wash the plates." Shi ke nan.

Na daɗe ina tunanin abin da ke jefa mu a wannan rami, kuma ina ganin daga bakinmu ne. Mu muna cewa "Malam ya sa mu mu share aji." Wannan "mu" ta biyu ta saba mana da cewa dole wani abu ya tsaya tsakanin mutum da aikin, to sai mu cike gurbin da "to". Ga shi kuma maƙwabtan "make" duk suna ɗaukar ta: "force us to sweep", "allow us to go", "want us to come", har "get us to sweep". Amma "make" da "let" ba sa so. Wajen da abin yake da ban haushi, da zarar an juya jimlar, wanda aka sa aikin ya dawo gaba, sai "to" ɗin da aka kora ta dawo: "We were made to sweep the class." Irin wannan ne masu shirya tambayoyin WAEC da JAMB suke ƙauna, su jera miki amsoshi huɗu da duk suka yi kama da juna. Ƙamusun ya ware wa wannan layinsa daban, "be made to do sth", da misali a gefensa.

Kuma ba nan "make" ta tsaya ba. Tana ɗaukar mutum da sifa: "The news made her happy", labarin ya faranta mata rai. Tana ɗaukar mutum da muƙami: "They made him captain", sun naɗa shi kyaftin. Tana ɗaukar mutum da abu: "Make me some tea", ko "Make some tea for me", haɗa mini shayi. Ki lura, "ya sa", "ya naɗa", "ya haɗa", "ya ƙera", "ya ɗinka", Bature yana iya tattara su duka cikin kalma guda, abin da ke bayanta ne yake bambanta su. Akwai ma "made of" da "made from". Zoben azurfa "is made of silver", don azurfar tana nan ana ganinta. Daddawa kuwa "is made from locust beans", don kalwar ta sauya kama, ba mai gane ta.

Sai babbar rigimar, wato "yi" tamu. Mu komai yi ne: mu yi kuskure, mu yi alkawari, mu yi waya, mu yi wanki, mu yi kasuwanci, mu yi wanka. A Turanci uku na farko na "make" ne: "make a mistake", "make a promise", "make a call". Wanki da kasuwanci na "do" ne: "do the washing", "do business". Wanka kuwa ba ruwansa da ko ɗaya, "have a bath" ko "take a bath" ake cewa. Ana ba da wata dabara cewa "make" ta ƙirƙira ce, "do" ta gudanar da aiki ce. Tana ɗan taimako, amma kada ki dogara da ita, don gyaran gado ma "make the bed" ne alhali ba kafinta kika zama ba. Hanyar da na ga tana ɓullewa ita ce ki nemi sunan, ba aikatau ba. Buɗe "mistake", za ki tarar da "make a mistake" a cikin misalai. Buɗe "homework", ga "do" tana jiran ki.

Ba haɗari ba ne ƙamusun ya ƙware a nan. Wanda ya assasa shi, A. S. Hornby, Baturen Ingila ne da ya yi shekaru yana koyar da Turanci a Japan, yana fama da ɗalibai masu sanin ma'anar kalma amma su kasa gina jimla da ita, irinmu sak. A Tokyo aka fara buga aikin a 1942, sannan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Hornby ya kasa aikatau na Turanci zuwa tsari 25, kowanne da lambarsa, shi ya sa in kin ci karo da tsofaffin bugu irin na iyayenmu za ki ga VP, wato "verb pattern", tsarin aikatau, da lamba a gaban kalma. Daga baya aka bar lambobin, aka koma rubuta tsarin a fili yadda na nuna miki, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Shi kuwa ɗan littafin jerin aikatau, a tasha na saye shi ina jiran mota ta cika. Abin da ya ba ni a kan kalmarki layi ɗaya ne: "make, made, made", sai "yi" a gefe. Ba ƙarya ya yi ba, kuma in haddar "go, went, gone" kike nema zai yi miki. To amma ƙamusun ma yana da wannan jerin na aikatau masu bauɗewa a shafukansa na ƙarshe.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: jabun ƙamusun nan ya cika kasuwa, kuma masu sayarwa da yawa ba sa tsoron Allah. Wani zai rantse miki na waje ne, ki je gida ki tarar takardar shara-shara, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba, tawada ta dushe a wasu wuraren. Da ƙananan haruffa irin na ƙamus, dushewa kaɗan ta isa ta ɓatar miki da "sb" da "sth". Wata maƙwabciyata ta sayo wa ɗanta wanda daga tsakiyar harafin M sai ya yi tsalle, shafuka kusan ashirin babu su, ta koma mai shago ya ce shi bai san zancen ba. Akwai kuma masu liƙa bangon sabon bugu a kan tsohon ciki. Saboda haka kada ki yarda a miƙo miki a naɗe cikin leda ki biya. A buɗe a gabanki. Duba shekarar da ke shafin ciki ko ta dace da bangon: bugu na 9 na 2015 ne, na 10 na 2020. Bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu, ki ja wata takarda a hankali ki ji ko ɗaurin zai saki. In farashin ya yi arha fiye da hankali, ajiye masa kayansa. Gara tsohon bugu na gaske da wani ya gama amfani da shi, don tsarin "make" bai canja ba tsakanin 2010 da yau.

Kafin kuɗin su cika, shafin intanet na Oxford Learner's Dictionaries kyauta ne, kina iya duba "make" a wayarki yau ɗin nan ki ga layukan da idonki. Ni dai na fi son na takarda saboda ba ya cin data, ba ya jiran caji, kuma ina ja masa layi da biro. In kin je shagon, ɗauki hoton shafin "make" da na shekarar bugu ki turo mini kafin ki miƙa kuɗi, zan duba miki.