Man Kariyar Rana: Wanne Za Ki Saya Kafin Ki Kai Yara Wurin Lilo?

Duk wadda ta taɓa kai yara wurin wasa a hutun Sallah ta san lilon kansa bai wuce minti uku zuwa biyar ba. Sauran yinin a layi yake ƙarewa: layin tikiti, layin hawa, layin askirim, sannan a sake komawa layin hawa don auta ya ce bai ƙoshi ba. Galibin layukan nan kuwa a fili suke, kan siminti ko kwalta, rana ta doke ki ta sama, ƙasa ta turo miki huci ta ƙasa.

Ɗiyata ta tsakiya irin yaran nan ce da fatarsu ba ta son wargi. Sabulu mai ƙamshi, borin jini. Sabon man shafawa, ƙuraje. Bara muka yini a wani wurin wasa, ta dawo kumatu jajur, bayan wuya na raɗaɗi, kwana uku tsakani goshi ya soma saɓa. Abin haushin, na shafa mata man kariyar rana, wanda 'yan gayu ke kira sanskirin. Sau ɗaya na shafa da safe, ɗan mitsitsi, kuma wani mai ƙamshin lemo ne da na ɗauka don robar ta burge ni. Kafin azahar tana kukan ido na mata yaji. Bana da maigidan ya ce za mu tashi daga Katsina mu kai su Magicland a Abuja, wanda a da ake kira Wonderland, sai na zauna na yi wa lamarin karatun ta-natsu.

Kada wani ya ce miki baƙar fata ba ta ƙuna. Launinmu na ba mu kariya, ba musu, amma ba ya hana ƙuna ga wadda ta yini a tsaye tsakar rana, kuma abin da ya fi damun irin fatarmu shi ne tabo. Duk inda ƙurji ko kirci ya taɓa fita, rana na mayar da wurin baƙi, ya yi watanni bai koma daidai ba. Ma'aunin ƙarfin hasken rana da wayarki ke nunawa a shafin yanayi, daga 11 zuwa sama shi ne matakin ƙarshe na haɗari, kuma a bazarar ƙasar Hausa abu ne da ake kaiwa da rana tsaka. Hazo ko gajimare ba sa tare shi duka.

Lambobin da ke jikin roba

Hasken da ke cutar da fata iri biyu ne. UVB shi ke ƙonawa. UVA shi ke nutsewa ciki, ya tsufar da fata, ya ƙara duhun tabo, kuma yana ratsa gilashin mota. Lambar SPF da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaban roba, UVB take aunawa. SPF 15 na tare kimanin kashi 93 cikin 100, SPF 30 kashi 97, SPF 50 kashi 98. Kin ga tsakanin 30 da 50 tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Duk da haka, don yinin wurin wasa ni 50 nake ɗauka, saboda an samo lambobin nan ne a ɗakin gwaji inda ake shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, mu kuwa da wuya mu shafa rabin haka. Mai 100 dai ba zan ƙara kuɗi a kansa ba.

Don UVA sai ki duba wata alama daban. Na Turai kan sa haruffan UVA a cikin da'ira. Na Japan da Koriya kan rubuta PA da alamar tarawa a gaba, uku ko huɗu ake so. In roba ba ta ce komai game da UVA ba, ki mayar da ita kan kanta.

Na ma'adini ko na sinadari?

Nan ne ainihin zaɓin yake, kuma ba a gaban robar ake gane shi ba, sai an juya bayanta an karanta jerin abin da aka haɗa.

Na ma'adini abu biyu ne ke aiki a cikinsa: zink oksayid da titaniyom dayoksayid. Zink ɗin ba baƙonmu ba ne, shi ne a cikin farin man da ake shafa wa jarirai idan kunzugu ya ƙone su, yana kuma cikin ruwan kalamin da ake shafa wa mai ƙarambau. Gari ne mai laushi da ke zama a saman fata, da wuya ya tayar da ƙaiƙayi, ba ya cika sa ido yaji in gumi ya gangaro da shi. Zink na tare UVA da UVB duka. Titaniyom shi kaɗai ya fi ƙarfi a kan UVB, don haka na fi son robar da zink ke ciki. Wannan rukunin ne likitocin fata suka fi nuna wa yara da masu kirci.

Aibinsa ɗaya ne, kuma a fatarmu ba ƙarami ba ne: fari. Ranar da na gwada wani a fuskata, ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, daga injin niƙa kike?" Yara kuwa sai su fito furu-furu kamar 'yan tashe. Yarinya 'yar shekara goma sha ba za ta yarda a yi mata hoto a haka ba, kuma man da aka ƙi shafawa bai kare kowa ba. Akwai dabara: a raba shi kashi biyu, a murza na farko a tafin hannu a danna a fuska, a jira minti biyu, sannan a ƙara na biyu. Yana ragewa, ba ya ɓacewa.

Mafita ta gaske ita ce na ma'adini mai launi, wanda aka sa wa ayon oksayid, sinadarin da ke ba hodar kwalliya kalarta. Yana ɓoye farin, kuma yana da ƙarin amfani ga mai fama da baƙin tabo ko duhun kumatu irin na bayan haihuwa, domin yana tare wani ɓangare na hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke ƙara wa baƙar fata duhu. Sai dai a kula da kala, da yawa don fararen fata aka haɗa su, a kanmu sai su zama kamar an shafa ƙasa. Kuma yana ɓata bakin hijabi. Farin hijabinki na Sallah, ki yi masa wata ranar.

Na sinadari shi ne wanda ya fi yawa a kantuna. Za ki ga sunaye irin su abobenzon, oktokirilin, homosalet da oksibenzon. Yana shigewa fata sumul, ba fari, ba nauyi, kuma yawanci ya fi sauƙin kuɗi. Ga mai lafiyayyar fata ba ni da ta cewa, maigidan shi yake shafawa. Ga mai fata irin ta ɗiyata kuwa, nan matsala ta fi fitowa. Oksibenzon ya yi suna wurin tayar da borin fata, har a 2014 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan bori ta ware danginsa a matsayin abin lura na shekarar. Yajin ido ma a wannan rukunin aka fi kuka da shi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kamfanonin Turai irin su La Roche-Posay, Bioderma da Eucerin suna amfani da sababbin sinadarai, irin su Tinosorb da Mexoryl, waɗanda rana ba ta saurin lalata su, kuma masu fata mai laushi da dama suna jure su. Tsada ce dai. Na Japan da Koriya masu kama da ruwa suna da daɗin shafawa a zafi, amma da yawansu akwai alkohol a sahun farko na jerin, wanda kan yi zafi a fatar da ta tsage. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, kamfani ɗaya kan yi kala goma.

Ko wanne kika zaɓa, ki guji mai turare. Na san mu da ƙamshi sai Allah, amma turare na cikin manyan abubuwan da ke tayar da fata. Humrar ta tsaya a kaya.

Na shafawa, na fesawa, da mai kama da jan baki: na shafawa shi ne uwa. Na fesawa iska ke kwashe rabinsa, yaro ya shaƙi saura, in dole ne a fesa a tafin hannu sannan a shafa. Mai kama da jan baki yana da amfani a gefen ido, karan hanci da saman kunne, kuma ba ya zubewa a jaka, sai dai a goga shi sau da yawa a wuri ɗaya.

Roba nawa?

Wannan lissafin ne ya fi ba ni mamaki. Fuska da wuya na babba suna cin kusan rabin cokalin shayi, wato a matso tsawon yatsu biyu, manuniya da na tsakiya. Jiki duka, ga mai shiga ruwa, kimanin mililita 30. Ana shafawa minti 15 kafin a fita, a maimaita duk bayan awa biyu. 'Yar robar nan mai mililita 50 da ake sayarwa da tsada, shafa 20 ce kawai a fuska da wuya. Mutum huɗu, sau uku a yini, ba ta cika kwana biyu ba, ba a ma zo kan hannuwa da ƙafafu ba. Saboda haka mai matsakaicin kuɗi a babbar roba, wanda za ki shafa ba tare da zuciyarki na lissafi ba, ya fi mai tsada da za ki riƙa ɗiga wa yara kamar maganin ido. Masu hawa jirgi su tuna robar da ta wuce mililita 100 a babban akwati take tafiya.

In akwai wasan ruwa, irin Wild Wadi ko Aquaventure ga masu zuwa Dubai, ki nemi wanda aka rubuta yana jure ruwa na minti 40 ko 80. Na 80 za ki ɗauka, a kuma sake shafawa da zarar an goge jiki da tawul. Babu wanda ruwa ba ya wankewa.

Alwala ma wanki ce. Ni a nan na sami sauƙin tunawa: alwalar azahar, a shafa. Alwalar la'asar, a shafa. A tsakani a ƙara sau ɗaya ga wanda ya yi gumi sharkaf. In kina da waswasi kan mai kauri da ruwa ke zamewa a kansa, ki wanke shi da sabulu kafin alwala, ki mayar bayanta.

Man kaɗanya, basilin da man kwakwa suna da ranarsu, musamman da hunturu, amma ba su maye gurbin wannan. Hoda mai SPF ma haka, ba wanda ke shafa ta da kaurin da ake buƙata.

Abin da tufafi ke yi

Gaskiya rabin aikin kayanmu sun riga sun yi. Atamfa da shadda masu matsattsen saƙa suna tare rana sosai. Mayafin shifon shara-shara kuwa ado ne kawai. Ki ɗaga yadi ki kalli haske ta cikinsa, in kina hango komai, rana ma tana hango ki. Rigar da ta jiƙe kariyarta na raguwa, shi ya sa ga masu ninƙaya rigar ruwa mai dogon hannu da aka rubuta wa UPF 50 ta cancanci kuɗinta, kashi 1 cikin 50 kawai na hasken take bari ya wuce. Ga samari, hular hana-sallah ba ta rufe kunne da ƙeya. Malfar kaba ta manoma ta fi ta aiki nesa ba kusa ba, in za su yarda su sa. Laima guda a jaka kuma ita ce ceton layi.

Lokaci ma saye ne, kuma kyauta. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi cizo. In inuwarki ta fi ki gajarta, a koma wasannin cikin ɗaki ko a zauna cin abinci.

Akwai waɗanda abin ya fi tsanani a kansu. Zabiya, SPF 50 kullum da malfa da dogon hannu da tabarau, ba sai ranar yawo ba, domin sankarar fata ce barazanar. Mai shafa man bilicin mai haidurokwinon ko sitiroyid fatarta ta riga ta yi laushi, rana na yi mata illa ninki. Mai shan doksisaikilin don ƙurajen fuska ya fi saurin ƙuna. Wadda ta yi dilka ko halawa jiya-jiya ta ba fatar kwanaki ta huta. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a shafa masa, inuwa da sutura ne nasa.

Wurin saye, kantin magani mai rajista ko babban kanti mai sanyi na fi yarda da shi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Robar da ta yi wata tana gasuwa a kan tebur a bakin titi, ko ta gaske ce zafi ya taɓa ta, haka wadda aka bari cikin mota. In ta tsinke ruwa daban guda daban, ko warinta ya sauya, a zubar. Masu sayarwa a Instagram da WhatsApp, ki ce su turo hoton bayan robar kafin ki tura kuɗi. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da rabin na kanti, araha ba ta ado.

Ni dai uku na saya ƙanana, sati biyu kafin tafiya, na riƙa shafa wa ɗiyar kowanne a cikin gwiwar hannu da bayan kunne, kwana uku-uku. Na farko ya fito mata da ƙananan ƙuraje a rana ta biyu, ya koma hannun babanta. Na biyu lafiya lau amma ta ce ba za ta fita kamar aljana ba. Na uku, mai zink da ɗan launi, shi ya tsallake, na koma na sayo manya biyu da mai kama da jan baki guda. Suna cikin jakar hannuna, a naɗe cikin sallaya, don in na ɗauko ɗaya in ga ɗayan.