Masu jirgin Tarkwa Bay da ɗan rakiyarsu, gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba

'Yan uwana na Gombe masu zuwa Legas saro kaya, in kun samu rana ɗaya da ba ku da uzuri ku daure ku je Tarkwa Bay, amma fa ku nemi masu jirgin da suke haɗa mutum da ɗan rakiya, kar ku ƙare a bakin ruwa kuna ta ɗaukar hoto kawai.

Mota ba ta zuwa wajen sai ta ruwa. Daga tashar jirgin ruwa ta CMS muka hau ƙaramin jirgi mai inji a baya, tafiyar kamar minti 20 ce. Sai da kowa ya sa rigar ruwa sannan aka tashi, direban kuma bai yi lodi ba, in mun gitta manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa sai ya rage gudu saboda igiyar ruwa, wannan kam na yaba musu. Inda suka ɓata min rai shi ne maganar kuɗi, ba su faɗa mana tun farko akwai kuɗin shiga da na rumfa da na kujera ba sai da muka sauka, ga wasu rigunan maɗaurinsu duk ya tsinke.

To amma dattijon da ya zaga da mu shi ya mantar da ni duk wannan. Baba muke ce masa, yana jin Hausa daidai gwargwado, ya ce "Malam ku biyo ni ku ga abin da yara ba sa kallo", ya hau da mu kan doguwar katangar duwatsun nan da ta shiga cikin teku. Turawan mulkin mallaka ne suka fara gina katangun a 1908, don a da yashi ke tare bakin tashar, manyan jirage sai dai su tsaya can waje a kwaso kaya da ƙanana, sai a 1914 suka fara shigowa ciki. Duwatsun ma daga wajen Abekuta aka jido su a jirgin ƙasa, kuma wallahi ragowar layin dogon da aka yi aikin da shi yana nan kwance. Na durƙusa na taɓa, gishirin teku ya cinye ƙarfen, yana ɓarewa ɓawo-ɓawo ja a hannu, wani wajen ya lanƙwashe ya nutse cikin yashi. Jikina ya yi sanyi sosai, don tashar jirgin ƙasa ta Gombe ta faɗo min a rai, dogon da ya iso mana a 1963, muna yara muna bin kansa muna tsallake katakan, yau kuwa ciyawa ta rufe wani wajen. Irin wannan aiki da mutane suka zubar da gumi a kai bai kamata a bar shi ba ko allon bayani.

Daga nan ya kai mu ɓangaren tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya, a can ne za ka ga gawar jirgin ruwa rairayi ya binne rabinsa, ruwa na shiga ta ramukan jikinsa yana fita da ƙara. Baba ya hana kowa shiga ruwan wajen, ya ce yana da ja ba kamar na cikin lungun Tarkwa Bay ba, bai kuma bari yaran da ke tare da mu sun hau ƙarfen ba. Shi ya nuna mana tsallake inda Eko Atlantic take, wato sabuwar unguwar da aka cike teku ake ginawa, ya ce katangun nan ne suka tare yashin da ke gangarawa gabas har teku ya yi ta cin gaɓar Bar Beach da ke can tsallaken.

Ku tafi da sassafe kafin rana ta buɗe, ku sa takalmi sau-ciki don duwatsun na da santsi, ku riƙe ruwan sha. Kuɗin jirgi zuwa da dawowa da na ɗan rakiya kuma a gama magana tun kafin ku taka jirgin.