Tikitin Alcatraz: kuɗin da na kashe a San Faransisko ban yi da-na-sani ba

Duk wanda ya ce zai je San Faransisko, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wurare biyu za a fara lissafa masa: gadar Golden Gate da tsibirin Alcatraz, inda wani tsohon gidan yari yake. Gadar kyauta ce ga mai tafiya a ƙafa. Tsibirin kuwa sai da tikiti, kuma a kan wannan tikitin nake son yin bayani, domin na saya na shiga, kuma a cikin duk abin da na biya a garin, shi ne ya fi cancantar kuɗinsa.

Tikitin ya haɗa da jirgin ruwa zuwa da dawowa, da kuma na'urar sauraro da za a rataya maka a wuya idan ka shiga gidan yarin. Jirgin yana tashi ne daga matsaya mai lamba 33 a bakin teku, tafiyar kimanin minti 15 ce, don tsibirin bai fi kilomita 2 daga gari ba. A intanet ake saye, kuma a saya da wuri. Lokacin hutun bazararsu tikiti yakan ƙare tun saura makonni. A kula kuma, akwai jiragen yawon buɗe ido da ke tallata Alcatraz alhali zagaya tsibirin kawai suke yi, ba su sauke kowa. A karanta da kyau kafin a biya, a tabbatar an rubuta cewa za a sauka a kan tsibirin.

Daga inda jirgi ke tsayawa zuwa ginin kurkukun hawa ne sosai, an kiyasta shi da hawa bene mai hawa 13. Wanda zai je da dattijo ko mai ciwon ƙafa kada hankalinsa ya tashi, akwai 'yar motar lantarki da aka tanada don irinsu.

Na'urar sauraron ita ce ruhin wannan ziyara. Ba wani ɗan jagora ba ne yake karanto maka tarihi daga takarda. Muryoyin tsofaffin gandirobobi ne da tsofaffin fursunonin da suka zauna a wurin, su ke ce maka matsa gaba, juya hagu, tsaya a nan. Kana tafiya kana jin ƙarar rufe ƙyauren ƙarfe a kunnenka. Ɗakin fursuna faɗinsa ƙafa biyar ne, tsawonsa ƙafa tara, da gado da wurin ba-haya da 'yar kwatarniyar wanke hannu duk a ciki. A sashen da ake horon masu taurin kai, ana barin mai ziyara ya shiga ɗakin duhu ya tsaya. Na shiga, kuma wallahi ban daɗe ba na fito, ƙirjina ya yi nauyi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bayanin da ake yi cewa idan iska ta kaɗo daga gari, fursunoni sukan ji dariyar mutane da kiɗa, musamman daren sabuwar shekara. Ta wasu tagogi ana hango garin tas, ga shi kusa, amma ruwan da ke tsakani sanyi ne ƙarara da igiya mai ƙarfi.

Gidan yarin gwamnatin tarayya ne daga 1934 zuwa 1963. A nan aka tsare Al Capone, gawurtaccen shugaban gungun masu laifi na Shikago, wanda a ƙarshe laifin ƙin biyan haraji ya kai shi kurkuku. Labarin da kowa ya fi tsayawa a kansa shi ne na watan Yunin 1962, lokacin da Frank Morris da wasu 'yan'uwa biyu, John da Clarence Anglin, suka yi ta ƙwaƙular bango da cokula har suka faɗaɗa ramin shan iska. Suka haɗa kawunan bogi da sabulu da takarda da gashin da suka kwaso daga wurin aski, suka ajiye a kan matashi don gandiroba ya ɗauka barci suke yi, sannan suka shiga ruwa da kwale-kwalen da suka ɗinka da rigunan ruwa. Har yau ba a gan su ba, a raye ko a mace. Ɗakunan nasu suna nan, da ramin a bango. Ƙasa da shekara guda bayan haka aka rufe gidan, saboda tsadar gudanarwa: hatta ruwan sha da jirgi ake kawo shi.

Akwai wani ɓangare na tarihin tsibirin da na ga yawancin masu ziyara suna wuce shi da sauri, kuma abin ya dame ni. Tun kafin ka sauka daga jirgi za ka ga jan rubutu a bango yana yi wa Indiyawa maraba, wato 'yan asalin ƙasar Amurka. Su ne suka rubuta shi, lokacin da suka mamaye tsibirin daga Nuwamban 1969 zuwa Yunin 1971, kusan wata 19, suna neman a tuna da ƙasarsu da aka ƙwace da alkawuran da gwamnati ta karya. Tun a 1895 ma, lokacin wurin yana hannun soja, an kulle maza 19 'yan ƙabilar Hopi a nan, kuma cikin dalilan har da ƙin miƙa 'ya'yansu ga makarantun gwamnati da aka kafa don raba yara da harshensu da al'adarsu. A wurina wannan ya fi labarin Capone nauyi. Tikitin rana yana ba ka damar zama yadda kake so ka dawo a kowane jirgi, don haka a ba wannan ɓangaren lokacinsa.

Sai maganar sanyi. Kada sunan Kalifoniya ya ruɗi kowa. A watan Yuli da Agusta hazo yakan rufe bakin tekun, iska kuma tana ratsa jiki kamar asubahin hunturu a Jos. A tafi da rigar sanyi mai kauri da takalmin tafiya. Ba a yarda a ci abinci a cikin tsibirin ba sai a wajen matsayar jirgi, ruwa kaɗai ake shiga da shi. Ni shawarata a ɗauki jirgin farko na safe: mutane ba su cika ba, kuma mutum zai dawo gari kafin azahar ta wuce.

Idan an dawo, matsaya mai lamba 39 tana nan kusa, tafiyar ƙafa ce. Shagunan tsaraba ne da cunkoso, ban ga abin ɓata lokaci ba, in ban da dabbobin ruwan nan da ake kira zakin teku, waɗanda suka tare a kan katakon wurin bayan girgizar ƙasar 1989 suna ta haushi da ture juna. Yara za su so su. Akwai wata miyar kifin kwanso da ake zubawa a cikin ƙwaryar burodi, ita ce abincin da bakin tekun ya yi suna da shi. Musulmi ya tambaya kafin ya saya, domin sau da yawa ana sa naman alade a ciki.

Taragon igiya, wanda ya fara aiki a 1873, ya cancanci a hau shi sau ɗaya. Ba shi da inji, wata igiyar ƙarfe ce ke gudu a ƙarƙashin titi, direba ya damƙe ta da hannun ƙarfe ta ja shi zuwa saman tudu. Layin jira a tashar farko yana da tsawo, gara a je da sassafe. Gadar Golden Gate kuwa, wadda aka buɗe a 1937, tsawonta kimanin kilomita 2.7 ne. A bar ta sai bayan azahar, lokacin da hazo ya fi yiwuwar yayewa, in ba haka ba mutum zai je ya tarar ko ginshiƙanta ba a gani.