Modem na layin tarho ko rauta mai sim: wanne zai kai ka ga sabar ranar da intanet ya ɗauke?

Malam, ka ce kamfanin da ya sayar muku da sabar ya rubuta a takardarsa cewa a haɗa mata modem (na'urar da ke aika bayanan kwamfuta ta kiran tarho) da layin tarho, don injiniyoyinsu su riƙa kira suna shiga idan ta sami matsala, kana tambaya ko ku bi hakan ko ku sa rauta mai sim. Aikinsu ɗaya ne, wato samar da hanyar shiga da ba ta bi ta intanet ɗin ofis ba, saboda ranar da babbar rautarku ta mutu ko wani ya yi kuskuren saiti ya kulle kowa a waje. Inda suka rabu shi ne abin da kowanne ya dogara a kai.

Modem ba ya son komai sai layin girke na gaske mai lamba, da wuta. A nemi na waje mai ramin siriyal, irin USRobotics Courier, a guji ƙananan nan da ba sa motsi sai da direban Windows. Kada gudun 56k (kilobit 56 a daƙiƙa) da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Tsarin V.90 na 1998 yana kai wannan gudun ne kawai idan ɓangare ɗaya yana kan layin dijital, modem biyu na talakawa kuwa iyakarsu 33.6k. Fayil mai megabait 100 zai ci fiye da awa 6. Amma ga rubuta umarni ya isa har da ragi, tunda konsol ɗin Cisco ma, wato ramin da ake jonawa a rubuta wa na'urar umarni, a bit 9600 a daƙiƙa yake zuwa daga kamfani. Rauta mai 4G tana ba ka megabit da dama, ka buɗe iDRAC na Dell ko iLO na HPE, wato ɓangaren sarrafa sabar daga nesa, ka ga fuskar sabar tun daga tashinta, ka kashe ka kunna, har ka sake ɗora mata manhaja daga nesa. A gudu dai babu haɗi.

A wajen saiti modem yana da tarkonsa, kuma nan ne mutane ke kwana. Idan kai tsaye za ka maƙala shi a konsol ko ramin AUX na rauta, ka ba shi umarnin ATS0=1 ya ɗauka a ƙara ta farko, ATE0 da ATQ1 ya yi shiru, sannan AT&W ya riƙe saitin bayan ɗauke wuta. Shirun nan ba ado ba ne. Idan ka bar shi yana magana, kalmar RING da CONNECT da yake turowa sai na'urar ta ɗauke su a matsayin sunan mai shiga, ta maido da amsa, shi ma ya maido mata, su yi ta jifan juna har layin ya katse. Idan kuma a sabar Linux ne da mgetty, manhajar da ke amsa kiran modem, akasin haka za ka yi: bar S0 a sifili, domin mgetty da kansa yake jin RING ya aika ATA, umarnin ɗaukar kira. Sai dai ka lura, modem da ke rataye a kan mgetty yana mutuwa tare da sabar. Ta daskare, babu mai ɗaukar kira, kuma ranar ce aka saye shi dominta. Shi ya sa ake sa akwatin konsol a tsakani, wato na'ura mai zaman kanta da ke karɓar mai shiga ta kai shi konsol ɗin sabar, irin na Opengear ko Lantronix.

Sim kuma ba a kiransa. Kamfanonin waya suna cusa dubban layuka a bayan adireshin IP guda, don haka daga waje ba za ka iya ƙwanƙwasa masa ba. Ko dai rautar ta fita da kanta ta buɗe ramin WireGuard (wani nau'in VPN, wato ɓoyayyiyar hanya a cikin intanet) zuwa wata ƙaramar sabar da kuke haya, ko ku sayi APN (ƙofar shiga intanet ta kamfanin waya) na musamman mai tsayayyen adireshi. Ka ga abubuwan da za su iya lalacewa sun ƙaru: data ya ƙare, a rufe layin saboda NIN, sabis ya ƙi shiga ɗakin da ke cike da ƙarafa sai an fitar da eriya waje. Kuma a duba inda sabar tsakiyar take. A ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala lokaci guda, wanda ya ajiye tasa a Turai yana iya rasa babbar hanya da ta bayan tare.

Ta fuskar tsaro, na fi natsuwa da sim. Kiran modem ba a ɓoye abin da ke cikinsa, duk wanda ya laluba lambar ya isa wurin sa kalmar sirri, kuma a wasu na'urori idan kira ya yanke zaman yana nan a buɗe, mai kira na gaba ya faɗo ciki a matsayin wanda ya fita. Maganin da aka saba shi ne modem ya katse ya sake kiran lambar da aka riga aka adana. WireGuard kuwa ko amsa ba ya yi wa wanda ba shi da makulli.

To amma tambayar da za ta yanke maka hukunci ita ce: ina layin? Tun zuwan GSM a 2001 layukan NITEL suka fara mutuwa, an kuma sayar da kadarorinsa a 2015. Abin da yawancin ofisoshinmu ke kira wayar tebur yanzu, ko sim ne a ciki ko kira ne ta intanet. Na intanet ɗin ya riga ya faɗi jarrabawa, tunda tare za su ɗauke. Ko yana aiki ma, matse murya irin ta G.729 tana dagula sautin modem, G.711 ne ke ɗan yarda, shi ma sai an rage gudu. Ingila ma kanta ta sa ƙarshen Janairun 2027 don rufe tsohon layinta, ina kyautata zaton takardar da ke hannunka ta girmi wannan shawarar.

Ni dai sim zan sa, na kamfanin da ba shi ke ba ku babban intanet ba, a jona shi da akwatin konsol a kan UPS nasa daban. Ka rubuta wa masu sabar ka tambaye su ko sun yarda su shigo ta VPN. Idan an gama haɗawa, a zare igiyar intanet ɗin ofis da rana tsaka, wani ya gwada shiga daga gida.