Tocila mai cin nisa: biyar na saya a Legas kafin in dace

Muna da sito da fili a bayan Oko-Oba, nan Agege, inda ake sauke mana wake da masara daga Arewa, kuma ni ke kula da masu gadi uku da ke kwana a wurin. Daga ɗakin gadi zuwa katangar baya taku 240 ne, da ƙafata na ƙirga, wato wajen mita 180. Abin da nake nema a tocila bai wuce Baba maigadi ya tsaya a bakin ƙofarsa ya haska katangar nan ya bambance mutum da akuya ba. Sai da na sayi biyar kafin in samu wadda ta iya.

Ta farko a gosilo na saye ta, kan hanyar Oshodi, hannun wani yaro da ya dallare min fuska da ita ta tagar mota. Baƙa ce, irin wadda ake jan kanta gaba hasken ya tsuke. A kwali an rubuta lumen 100,000, wato yawan hasken da take fitarwa, da nisan mita 5,000. Da dare na kai wa Baba ina ta washe baki. Ya ja kan, ya saita katanga, sai ga wani ɗan haske mai kusurwa huɗu ya tsaya a kan tirelar da ke tsakiyar fili, bai ƙara gaba ba. Ya juya ta a hannu ya ce, "Alhaji, wannan ai ta neman takalmi ce a ƙofar masallaci." Kafin minti ashirin ta koma kamar aci-bal-bal.

Daga baya na zauna na yi lissafi, na ga wautata. Ƙwan lantarki irin na tocila, idan ana matsa masa, yana ba da wajen lumen 100 a kowane wat. Ke nan lumen 100,000 na buƙatar wajen wat 1,000, cin wutar dutsen guga. Batir ɗaya mai girman yatsa ba zai taɓa ɗaukar wannan ba. Akwai tocilar da kamfaninta ya rubuta wa lumen 100,000 da gaske, Imalent MS18, amma ƙwai 18 ne a kanta, da fanka a ciki don sanyaya ta, nauyinta kuma ya kusa kilo biyu. Tawa ƙwai ɗaya ne, tana shiga aljihun kaftani.

Ko da lumen ɗin gaskiya ne ma, ba shi ke kai haske nesa ba. Ka tuna mai wankin mota da tiyo a hannu. Yawan ruwan da ke fitowa shi ne lumen. Idan ya danne bakin tiyon da babban yatsa, ruwan bai ƙaru ba amma sai ya tsallaka mota biyu. Wannan ƙarfin fesawar shi ake kira kandela, a kwali za ka ga an rubuta cd. Mai neman nisa kandela zai duba. Tun 2009 akwai ma'aunin da kamfanonin kirki ke bi, ana ce masa FL1, kuma a cikinsa nisan tocila shi ne inda haskenta ya ragu ya koma laks 0.25 (laks shi ne ma'aunin hasken da ya sauka a kan abu), kwatankwacin farin wata na daren sha huɗu. Lissafin a kalkuletar waya ake yinsa: ka danna alamar √ a kan adadin kandela, abin da ya fito ka ninka shi biyu. Kandela 40,000 mita 400 ke nan. Kandela 250,000 mita 1,000. Ka lura, kafin nisa ya ninka biyu sai kandela ta ninka huɗu, shi ya sa duk wanda ya ce maka 'yar tocilar aljihu na cin kilomita biyar, ka riƙe kuɗinka.

To amma farin wata a ƙauyenmu daban, a Legas daban. Nan ga fitilun titi, ga hayaƙin janareta, ga danshin teku da ke rataye a iska, wani lokacin a Disamba da Janairu hazo ya ƙaru a kai. Ni dai duk abin da aka rubuta a kwali, ko na kamfanin da na yarda da shi ne, kashi uku nake raba shi in ɗauki ɗaya. Mai son gane fuskar mutum a mita 200, ya nemi wadda aka rubuta wa 600. Launin hasken ma yana da tasiri: fari fat mai ɗaukar shuɗi-shuɗi ya fi dawo maka cikin ido idan iska na da laima, mai ɗan ja-ja ya fi daɗin kallo. Idan an ba ka zaɓi tsakanin lambar launi 6500K, wato fari fat ɗin, da 5000K, ɗauki ta biyun.

Ga yadda nake gwaji. In auna mita 10 daga bango da tef, in kafa na'urar auna haske a jikin bangon, in kunna tocila in bar ta rabin minti, sannan in saita tsakiyar hasken a kan na'urar. Abin da ta nuna in ninka sau 100, kandela ke nan. Wanda ba shi da na'ura zai iya sauke manhajar auna haske a waya; lambarta ba abin rantsuwa ba ce, amma za ta nuna maka wadda ta fi tsakanin tociloli biyu. Sai gwaji na biyu, wanda na fi yarda da shi: in tura yaro katanga sanye da baƙar riga, ya ɗaga yatsu, Baba ya faɗi ko nawa ne. Sannan a bar tocilar a kunne minti goma a sake, domin da yawa suna buɗewa da ƙarfi, da sun ɗau zafi sai su sauke haske da kansu.

Wadda ta ci jarrabawar nan, kuma yanzu kowane maigadi nawa na rataye da ita, ita ce Convoy C8+. 'Yar Sin ce, ba ta da wani kwalin burgewa, a ɗan farin kwali take zuwa. Jikinta alminiyam, batir ɗaya take ci samfurin 18650, faɗin kanta wajen milimita 45. Sirrin a kan yake. Kwanon da ke bayan gilashi yana da zurfi, sumul kamar madubi, kuma ba ya motsi, saboda haka yana tattara hasken wuri guda ya harba shi gaba, ya bar wani siririn haske a kewaye da za ka ga inda kake taka ƙafa. Wannan na kewayen ba ƙaramin abu ba ne ga mai zagaya fili da ke cike da kwata da guntun ƙarafa.

Abin da ya fi burge ni, kai ke zaɓar ƙwan da za a sa maka. Ƙaramin ƙwai a cikin babban kwano shi ke ba da nisa. Akwai na Osram da ake yi wa laƙabi da W1, ɗan mitsitsi, hasken ya fita siriri kamar sandar makiyayi, amma tabon da yake yi a katanga ƙarami ne, sai ka yi ta lalube. Ni SFT40 na Luminus na zaɓa, don ya haɗa nisa da ɗan faɗi. A mita 10 na'urata ta wuce laks 1,000, wato sama da kandela 100,000, fiye da mita 600 a takarda. Ka raba uku, ga katangata. Daren farko yaron ya ɗaga yatsu uku, Baba ya ce uku, ya ƙara da cewa, "Kuma ka ce masa ya ɗaure wandonsa." Makunninta a gindi yake, ana iya dannawa da babban yatsa ko hannu na jiƙe, kuma akwai zoben roba a kowace mahaɗa, damina biyu ta yi a hannunsu ruwa bai shiga ba. Idan makunni ya mutu ko gilashi ya fashe, ana samun kayan gyaranta daban a musanya. Aibinta ɗaya da zan amsa: ba ta da ramin caji, sai ka cire batir ka sa a caja. Ni ko a jikina, don wajen ramin cajin nan ne ruwa da ƙura ke fara shiga.

Sauran fa? Sofirn IF22A tana da ramin USB-C da babban batir 21700, mai ƙyuyar cire batir ya saye ta. Fenix da Nitecore kaya ne masu kyau, amma kuɗin guda zai sayi nawa uku, ban ga dalili ba ga maigadi. Maglite mai manyan batura ta yi zamaninta, yanzu gora ce kawai. Manyan nan na roba masu hannu da ake cusawa a soket, kwanonsu na da faɗi, suna ɗan cin nisa, sai dai batirin cikinsu ba ya daɗewa yake sanyi. Masu ja-ka-tsuke kuwa na gama da su: da ka tsuke, rabin hasken a cikin kan yake mutuwa, kuma jan da turawar na zuƙo danshi ciki. Akwai kuma sabbi masu aiki da leza, ana ce musu LEP, wasu an rubuta musu sama da kilomita biyu da lumen 500 kacal. Zare ne na haske babu komai a gefe, ga tsada, kuma mu da ke kusa da filin jirgin Murtala Muhammed ba na son abin da yaro zai ɗaga sama ya jawo mana magana.

Yanzu batir, inda aka fi yanka mutane. Sau da yawa idan ka yi odar tocila daga waje ba a haɗo ta da batir, saboda dokokin ɗaukar batirin litiyam a jirgin sama, sai ka shiga kasuwar Alaba ko Ikeja nema, a nan kuma na gari da jabu a tire ɗaya suke kwance. Lambar 18650 girma take nufi, kauri milimita 18, tsawo 65. A wannan girman, manyan masu ƙera shi irin su Samsung da LG da Panasonic ba su wuce wajen mAh 3,500 ba, wato yawan cajin da batirin ke riƙewa. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta, kada ma ka tsaya ciniki. Na cikin tocilar gosilon nan 9,900 aka rubuta masa; da na sa shi a caja mai auna cikin batir, bai kai 1,000 ba. Irin wannan caja, kamar LiitoKala Lii-500, ita ce abu na biyu da ya kamata ka saya bayan tocilar.

Na asali yana da nauyi, giram 45 zuwa 48. Jabu sau da yawa sakayau yake, ko 35 ba ya kaiwa. Amma 'yan damfara sun gano muna aunawa, har an sha fasa wasu a tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki an cike sauran da yashi. Wasu kuma tsoffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka ne aka ɓalle aka sake musu riga. Duba kai da gindi, za ka ga ɗigo-ɗigon walda ko alamar an goge da fayil. Rigar da ta yage kada ka karɓa ko kyauta ne, domin duk jikin ƙarfen nan tamkar wayar wuta ne, da ya haɗu da abin da bai kamata ba sai wuta. Kada ka jefa shi aljihu tare da makullai da sulalla. Kada ka bar shi a caja ka tafi barci, balle a sito mai cike da buhuna, balle kuma a wutar nan tamu da ke tafiya ta dawo da ƙarfi. Wanda ya kumbura ko yake zafi a caja, fitar da shi waje.

Ƙwan ma ana yin jabunsa. Rabin tocilolin tire an buga musu T6 a jiki, sunan wani rukuni na ƙwan Cree XM-L, wanda ko na asalin iyakarsa wajen lumen 1,000 ne, amma kwalin na kiran dubu hamsin. Mai shago kuma zai kunna maka ita a cikin rumfa, ya haska silin ko idonka, ka ji kamar rana ta faɗo. A taku uku kowace tocila jaruma ce. Ka ce zai ba ka ka fita da ita layi ka haska ginin can ƙarshe, ko ku yi sharaɗin za ka gwada da dare ka dawo da ita idan ba ta yi ba.

Zuwana Alaba na ƙarshe da ɗan sikelin masu gwal na tafi a aljihu. Mai shagon ya zube min batura goma sha biyu yana rantsuwa duk kwali ɗaya ne. Na ɗora su ɗaya bayan ɗaya, huɗu suka haura giram 45, takwas ba su kai 35 ba. Ya dube ni ya dubi sikelin ya ce, "Oga, jira," ya shige ciki ya fito da wani kwalin daban.