Kwanan daji da yara a Jos: wane tanti, wace shimfiɗa?

Duk magidancin da zai kwashi iyali zuwa kwanan daji a kewayen Jos, sanyi ne abin da zai fara sawa a lissafi. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tsaunukan Shere kuwa sun haura mita 1,800. A Disamba da Janairu, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma yara ke hutu, ma'aunin zafi kan sauko zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka cikin dare. Babba zai daure. Ɗan shekara uku kuwa, ƙarfe biyun dare zai tashi kowa da kuka.

Tanti iri biyu aka fi samu. Akwai na yadin roba mara nauyi, mai sanduna masu lanƙwasa, wanda ke shiga 'yar jaka a jefa bayan mota. Akwai kuma na tamfol mai kauri irin na sojoji. Na tamfol ya fi riƙe ɗumi, kuma iskar hunturu ba ta kaɗa shi yadda take kaɗa ɗan uwansa, sai dai nauyi gare shi, kafa shi aikin mutum biyu ne, in ya jiƙe kuma aka naɗe shi a haka zai yi fumfuna. Ga mai fita sau ɗaya ko biyu a shekara, na robar ya wadatar, da sharaɗin ya zama mai rufi biyu: na ciki mai raga, na waje mai tare raɓa. Mai rufi ɗaya ya fi araha, amma tururin numfashinku zai taru a jikinsa, da asuba ya riƙa ɗiga kan bargo.

Kada rubutun jikin jaka ya ruɗe ka. In an ce na mutum huɗu ne, ana nufin huɗu a jere kamar kifin gwangwani, ba jaka ba takalmi. Miji da mata da yara biyu, na mutum shida za su nema. A duba kuma lambar jure ruwa, wato adadin milimita da ake rubutawa don nuna ƙarfin yadin wajen hana ruwa shiga: milimita 1,500 ta isa rani, amma mai shirin fita cikin damina, wadda a Jos take kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ya nemi 3,000. Ni dai ba zan kai ƙananan yara daji a Yuli ko Agusta ba ko da wane irin tanti ne.

Sabo ko gwanjo? Masu kayan gwanjo irin na kasuwar Katako kan samu tanti jefi-jefi, wani ma ya fi sabon kanti ƙwari. Amma kada ka biya sai an baje shi a gabanka. Ja zif sama da ƙasa, ƙirga sanduna da turaku, ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa ko da huji, ka shinshina. In cikin yadin yana danƙo ko yana ɓarewa a yatsa, rufin da ke hana ruwa shiga ya mutu, bar shi ko nawa aka rage maka.

Inda na fi so a kashe kuɗi shi ne shimfiɗa, domin sanyi ta ƙasa yake shiga jiki. Katifar hurawa tana da daɗin ɗauka, amma iskar cikinta tana yin sanyi, ƙaya ɗaya kuma ta isa ku wayi gari a kan tsakuwa. Ga yara da son tsalle a kanta. Siririyar katifar soso irin ta 'yan makarantar kwana ta fi ta aminci, cin wuri a mota ne kawai aibinta. A sa leda mai kauri a ƙasa, tabarma a bisa, sannan katifa da bargo guda a shimfiɗe, wani a lulluɓa. Jakar barci ta manya ba ta dace da ƙaramin yaro ba, yakan nutse ciki ya rufe fuska. Bargon gida da hular sanyi da safa sun fi.

Fitila, a sayi mai caji ko mai sola, kowane yaro a ba shi 'yar tocilarsa. Ta kananzir ba ta da wuri kusa da yadin roba. Wajen girki ƙaramar silinda mai kilo 3 ta fi kurfoti sauri, uwargida ta dafa shayi kafin yara su gama miƙa, kuma babu garwashin da iska za ta kwasa zuwa busasshiyar ciyawa. Ko wanne aka ɗauka, a waje yake kwana. Shigar da gawayi cikin tanti don jin ɗumi yana kisa, saboda iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari.

Kafin sayen ko turke ɗaya, a tsayar da wurin kwana. Halin tsaro a wasu sassan Filato bai bar wa kowa damar kafa tanti inda ya ga dama ba. A nemi wuri mai shinge da masu gadi, inda waya ke kamawa. Gandun namun dajin Jos, da aka kafa a 1972, yana bakin gari kuma da inuwar itatuwa, amma a fara tambayar hukumar wurin ko suna barin kwana. In ba sa bari, a yini can, a dawo a kafa tantin a tsakar gida.