Ɗaukar 'Ya'yan Al'umma Aikin Ɗan Sanda ko Bi ta Hannun Dattawa

A New Zealand, 'yan asalin tsibiran Samoa da Tonga ba su manta da samamen asuba da 'yan sanda suka riƙa kaiwa gidajensu a shekarun 1970 ba, wanda gwamnati ta nemi gafara a kansa a 2021. Bi ta hannun fastoci da dattawa ya fi saurin dawo da yarda tsakanin al'ummar da 'yan sanda, domin maganarsu tana da nauyi. Duk da haka na fifita ɗaukar 'ya'yan al'ummar aikin ɗan sanda, ko da horarwa za ta ci lokaci: jami'ar da ta ƙwanƙwasa ƙofa a kudancin birnin Auckland, ta yi gaisuwa da harshen gidan, ita ce wadda matar da ake dukanta za ta iya faɗa wa abin da kunya ta hana ta faɗa wa dattawa.